Kwamfutar Shigifa Ta Ƙi Mutuwa

Ranar da abin ya fara babu wanda ya ga wata alama. Talata ce, rana ta yi ja a bayan ganuwa, jemagu sun fara sauka daga rimi, ladanin unguwa yana gwada lasifika. A wani tsohon gida na ƙasa a Ƙofar Gayan, Hajiya Radiya tana kwasar tuwo a tsakar gida. 'Yarta Tayyiba, malamar sakandare, tana kan tabarma tana duba takardun ɗalibai kafin haske ya ƙare. Ɗanta na fari kuwa, Nafi'u, yana cikin shigifa, ɗakin karatun kakansa, yana fama da kwamfuta.

Shekara tara Nafi'u ya yi a ƙasar waje. Ya bar gida ne da asuba ba tare da ya sallami kowa ba, don gudun zaman karatu a gaban mahaifinsa, kuma yana can mahaifin ya rasu. Dawowar da ya yi ma ba ta zama ba ce. Wani babban ɗakin ajiyar littattafai a can ya yi masa alkawarin aiki idan ya kawo hotunan kundayen kakansa, don haka ya girka kwamfuta da sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, a shigifa, ya ja wuta daga sola, yana ɗaukar shafi bayan shafi, yana ƙirga kwanakin da suka rage masa a Zariya.

Da yammacin nan ya ba kwamfutar umarnin ta mutu, kamar kullum. Yadda abin yake, na'ura takan aika wa duk ayyukan da ke gudana cikinta sanarwa cewa a tattara, ta ba su ɗan lokaci, wanda ya ƙi ta kashe shi da ƙarfi, sannan ta saki rumbun ajiya, wuta ta ɗauke. Rubutu ya yi ta gangarowa a kan baƙin sikirin har ya zo wajen sakin rumbu, sai ya tsaya. Fanka tana ta juyawa. Bayan minti biyu kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da komai a cikin na'urar, ya rubuto layi ɗaya: akwai aiki guda, mai lamba arba'in da bakwai, da ke riƙe da wani fayil, ya ƙi saki, ba ya kuma jin umarnin kisa.

Aka tayar da salla a masallaci. Nafi'u ya yi tsaki, ya ɗora yatsa a kan botin da ke yanke wutar na'urar, ya danne har fanka ta yi shiru.

A daidai wannan lokaci dutse ya faɗo tsakar gida. Bai zo ta kan katanga ba, daga sama ya sauko a miƙe, ya fasa kwanon miya a gaban Hajiya, ya nutse cikin ƙasa. Baƙi ne, girman dunƙulen hannu, da Tayyiba ta taɓa shi ta ji zafi kamar an ciro shi daga murhu. Hajiya ta daɗe tana kallon ƙofar shigifa. Sannan ta share miyar ta zuba wata.

Washegari Nafi'u ya yi abin da duk mai sana'arsa zai yi, ya tambayi kansa me ya canja. Ya tuna cewa ranar Talata da safe ya sabunta kanel. Ya ji daɗi, ya ce an gama. Ya koma tsohon kanel ɗin da ke aiki lafiya lau wata biyu, ya ba da umarni da magariba, sai rubutu ya sake tsayawa a wuri ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya. Ya danne botin. Duwatsu uku suka sauko, ɗaya ya huda kwanon rufin kicin, ɗaya ya tarwatsa randa, ruwa ya malale har ƙofar ɗaki, na uku ya karya ƙafar tunkiya. Maƙwabta suka fito da sanduna suka zagaye lungu, ba su ga kowa ba.

Ranar Alhamis ya cire sikana gaba ɗaya, ya goge ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kanel, ya jona igiya daga kwamfutar zuwa ta tafi-da-gidanka don ya karanta kalmomin ƙarshe da kanel ke faɗa kafin ya tsaya. Ya nemi wanda ya haifi aiki na arba'in da bakwai, babu. Ya nemi sunansa, wurin sunan fayau yake. Abin da ya gano kawai shi ne fayil ɗin: hoton shafin farko na wani ɗan kundi mai jar gafaka, wanda ya ciro daga ƙasan adaka ranar Talatar nan. Shi bai iya karanta hannun kakansa ba, Tayyiba ya kira ta karanta masa sama-sama don ya sami abin da zai sa wa fayil suna. Ta karanta da ƙarfi tana yi masa dariya, tana cewa jikan Malam guda bai san ajami ba. Layin farko cewa ya yi, da sunan Allah, a zauna, an buɗe karatu.

Da ya danne botin a magaribar Alhamis ba a yi jifa ba. Tayyiba ce, tana tsaye da buta, ta tafi da baya kamar an fizge ta da igiya, ƙeyarta ta bugi turmi. Jini ya ɓalle mata ta hanci. Kuma daga cikin shigifa, inda babu kowa sai Nafi'u, aka ji wata murya mai kauri tana maimaita layi guda na karatu, a hankali, kamar ɗalibin da ke jiran a biya masa na gaba.

Hajiya ta san wani abu, amma Nafi'u ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, kunyarsa take ji tun yana goye. Tun tana amarya ta tarar da al'ada a gidan: ba a barin littafi a buɗe a shigifa har magariba, kuma wanda ya rufe ɗakin yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce an tashi karatu, a huta lafiya. Bayan rasuwar mijinta ita ta ci gaba da faɗa. Da Nafi'u ya dawo ya karɓi mabuɗi sai ta daina zuwa wajen. Yanzu ma ba ta tunkare shi ba, Tayyiba ta aika, ta ce ki gaya wa yayanki ya riƙa rufe littattafan nan. Nafi'u ya amsa cewa duk a rufe suke cikin gafakokinsu, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar Juma'a bai taɓa botin ba, saboda aiki ya sha masa kai ya bar na'urar a kunne. Gida ya kwana lafiya. Wannan ne ya tsaya masa a rai. Ranar Asabar da hantsi ya zauna da takarda ya jera lokutan da ya yanke wuta, ya jera lokutan da aka yi ɓarna a gidan, suka zo daidai har minti. Wani zai tashi ya nemi malami. Shi kuwa shekara tara ana koya masa cewa sau uku ba hujja ba ce, kuma matsalar da ba ka iya jawo ta da hannunka ba, ba ka gane ta ba tukuna. Ya ce zai gwada da rana tsaka, sau uku a jere, ya ga ko magariba ce ke kawo abin ko botin.

Bayan azahar ya danne na farko. Tayyiba tana wanke-wanke, ta miƙe ta ruga da gudu ta gwara goshinta da bango.

Bai ji ba, don ya rufe ƙofa. Ya kunna, manhajar hotuna ta buɗe shafin da ta tsaya a kai kamar yadda ta saba, ya ba da umarni, ya jira, ya danne na biyu. A tsakar gida Tayyiba ta kama hannunta na hagu da na dama ta murɗe shi har ƙashi ya yi ƙara. Hajiya ta rungume ta, Tayyiba ta watsar da ita kan murhu.

Yana ɗora yatsa karo na uku ƙofar shigifa ta ɓalle daga dokinta ta faɗo ciki. Tayyiba ce tsaye, fuska duk jini, hannu ɗaya yana lilo. Ta kama shi a wuya da hannu guda ta ɗaga shi, ƙato mai nauyin buhu, ta maka shi da adaka. Ya ji haƙarƙarinsa ya motsa. Ta taka yatsan da yake danna botin da shi, ta murje da diddige har ya karye. Sannan ta juya ta zauna a gaban kwamfutar, ta naɗe ƙafa, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da maimaita layin nan da muryar da ba tata ba.

Maza huɗu daga maƙwabta suka kasa ɗaga ta. Ɗaya ya fita da leɓe a fashe. Hajiya, da ƙuna a damtsenta, ta yafa mayafi ta tafi unguwar Limancin Kona da ƙafa, ta dawo da Malam Jamaluddeen, wani dattijo siriri mai raunin gani wanda ya yi karatu a shigifar nan yana saurayi.

Ana kiran la'asar suka iso. Malam ya yi salla a zaure, ya nemi ruwa a ƙwarya da ganyen magarya, ya ce kowa ya fita sai uwar da ɗan'uwan. Ya zauna nesa kaɗan da ita ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar katanga ta tsallaka tsakar gida, kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba. Da ya kai Ayatul Kursiyyu ya yayyafa mata ruwan, sai ta yi wani gurnani da ya zubo da ƙasa daga azara, ta wuntsila, ta bugi bango da kafaɗa, ta dawo mazauninta. Duwatsu suka yi ta sauka a kan rufi kamar ƙanƙara. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba, har jifan ya lafa.

"Da wa nake magana?"

"Jamalu," in ji muryar. "Ka tsufa. Kai ne kake zama kusa da taga kana gyangyaɗi."

Hannun Malam ya tsaya a kan ƙwarya. Ya ce a faɗi suna. Muryar ta ce sunansa Suhailu, aljani ne Musulmi, gidansa na gindin dutsen Kufena, kuma shi almajirin mai shigifar nan ne tun kafin a haifi uban yaron nan. Suhailu ya ce ya yi wa Malam babba, kakan Nafi'u, alkawari da rantsuwa cewa duk ranar da aka buɗe jan kundin nan aka ce a zauna, zai zo ya zauna, ba zai tashi ba sai an kai ƙarshen shafi, an rufe, an sallame shi. Shekara talatin ba a kira shi ba. Ranar Talata yarinyar nan ta kira, ya baro iyalinsa ya zo. Aka rufe takarda, amma shafin yana nan a buɗe cikin akwatin nan, wato kwamfutar, yana ganinsa. Ya zauna a kansa yana jira.

"Ban tashi ba, ban ci ba, ban sha ba. Kullum sai wannan ya zo ya kife ɗakin a kaina. Duhu ya danne ni, ƙasusuwana su watse. Da safe ya sake buɗewa, rantsuwa ta jawo ni ta fuska. Yau sau biyu ya yi, yana neman na uku." Kan Tayyiba ya juyo a hankali wajen Nafi'u. "Don ya gani, wai. Ni ma na nuna masa."

Malam ya ce an zalunce shi, babu musu, amma yarinya ba ta san komai ba, kuma wanda ya yi karatu a ɗakin nan ya san hukuncin wanda ya rama a kan marar laifi. Suhailu ya ce to a ba shi hannun yaron na dama, ya shanye, shi ke nan. Malam ya ce babu. Ya ce to a yanka masa baƙin bunsuru a bakin ƙofa. Malam ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, kuma shi ya fi kowa sani, kada ya ba malaminsa kunya a kabari. Ya ce to zai zauna a jikin yarinyar wata goma, kwatankwacin kowace kifewa wata biyu. Malam ya ɗauki ƙwarya ya koma karatu daga inda ya tsaya. Jikin Tayyiba ya sandare, bayanta ya lanƙwashe har ƙeya ta kusa taɓa diddige, Hajiya ta toshe bakinta da mayafi.

"Tsaya, Jamalu. Tsaya."

"To faɗi abin da yake haƙƙinka, ban da ƙari."

Suhailu ya ce abu biyu. A cire kundin nan daga cikin akwati, shafi ɗaya kada ya rage, don ba zai yarda a kai shi wata ƙasa kowane baƙo ya buɗe a jawo shi ta fuska ba. Sannan a ƙarasa masa karatunsa a sallame shi yadda ake yi. Malam ya miƙa hannu zai ɗauki gafakar, muryar ta ce a'a. Kai baƙo ne a nan yanzu. Magajin ɗaki zai karanta.

"Shi da bai san sallama ba," in ji muryar. "Ubansa ya zauna a tabarmar can shekara shida yana sauraron ƙofa."

Nafi'u yana jingine da adaka, kowane numfashi kamar ana soka masa wuƙa. Ya san jan kundin nan shi ne abin da mutanen can suka fi so, don ya aika musu hoton bangonsa sun amsa a ranar. In babu shi, sauran ba za su buɗe masa ƙofa ba. Ya dubi ƙanwarsa, ya ga hannunta ya kumbura ya yi baƙi, leɓenta ya bushe, idonta babu ita a ciki. Ya ja jiki ya matso.

Malam ya buɗe masa kundin a cinya. Layi goma sha tara ne a shafin, bayani a kan haƙƙin maƙwabci. Abin da yaro ɗan shekara goma zai karanta cikin minti biyar, Nafi'u ya kwashe har rana ta faɗi yana yi. Yana haɗa baƙi da baƙi da karyayyen yatsa, yana tuntuɓe, yana komawa. Duk inda ya yi kuskure sai hannun Tayyiba mai lafiya ya tashi ya kwaɗa masa mari, muryar ta gyara masa, ya maimaita. Bakinsa ya fashe, jini ya ɗiga a rigarsa, Malam ya kare takardar da tafin hannu. A layi na sha biyu ya daina jin marin. A na sha bakwai ba a mare shi ba. Ya kai ƙarshe daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, ya rufe kundin, ya mayar cikin gafaka, ya ɗaure igiyar.

Sai ya juya ga kwamfuta. Ya zaɓi hotunan jan kundi, ɗari da shida, da kwafin da ya ajiye a ɗaya na'urar, ya goge, ya bi wurin da suka zauna ya cike da sifiri don kada a iya tono su. Guda ɗaya ya ƙi gogewa, shafin farko, yana hannun aiki na arba'in da bakwai. Ya dubi Malam. Malam ya nuna masa ƙofa da haɓa.

Nafi'u ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango ya je inda ƙofar take a da, ya tsaya. Bai san kalmomin ba. Daga bayansa ya ji muryar mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa, tana fuskantar bango, tana faɗa kamar ba da shi take ba. Ya bi ta.

"An tashi karatu. A huta lafiya."

Tayyiba ta yi atishawa sau uku. Wata iska mai ɗumi ta bi ta gefen Nafi'u ta fita, ta kaɗa igiyar shanya, ta haura katanga ta nufi yamma. Tayyiba ta kife a cinyar uwarta, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, Inna, hannuna.

Nafi'u ya koma ya duba jerin ayyuka. Daga arba'in da shida sai arba'in da takwas. Ya goge shafin, ya ba da umarni. Rubutu ya gangaro, ya zo wajen sakin rumbu, ya wuce. Sikirin ya yi baƙi, fanka ta rage gudu ta tsaya da kanta, ɗakin ya yi tsit har ana jin ɗigar jini a tabarma.

An ɗora wa Tayyiba hannu, an yi mata ɗinki bakwai a goshi. Hannun ya warke amma bai ƙara miƙewa sosai ba, a karkace take riƙe alli har yau. Ba ta tuna komai daga wanke-wanke zuwa magariba. Da aka ba ta labarin marin sai ta ce ita dai an cuce ta, ta yi wa Yaya mari goma sha ɗaya ba ta ji daɗin ko ɗaya ba.

Mutanen can sun amsa wasiƙarsa da gajeren layi, sun ce sun gode. Duk da haka ƙafarsa ba ta daina ƙaiƙayi ba, ya sami wani aikin a Legas, ya haɗa jaka. Ranar tafiya bai fita da asuba ba. Ya jira hantsi, ya je ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa, ya ce ya zo neman sallama, ta yau da ta waccan shekarar.

Hajiya tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana fitar da tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya wajen Tayyiba da ke zaune a gefe.

"Ki gaya wa yayanki ban sallame shi ba tukuna."

Nafi'u ya sauke jakar daga kafaɗa, ya gyara zama a bakin ƙofa.